Godiya ga waɗanda suka tsaya mini har na ci lissafi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhamdu lillahi, sakamakon jarrabawar WAEC ta masu zanawa a ƙashin kansu, wadda muka fi sani da GCE, ya fito, kuma Allah Ya ba ni B3 a lissafi. Tun da labarin ya bazu waya ba ta huta ba, 'yan'uwa da abokan arziki ana ta yi mini barka. Ba zan iya bin kowa gida-gida ba, shi ya sa na ga ya dace in rubuta a nan kowa ya ji, domin wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba.

Waɗanda suka san ni sun san nauyin wannan takarda a wurina. Na gama sakandare da kiredit a Turanci da darussan kimiyya, lissafi ne kaɗai ya tsaya a D7, taki ɗaya ƙasa da C6. Makarantar koyon aikin jinya kuwa ba ta ɗaukar mutum sai da kiredit biyar, wato Turanci da lissafi da bayoloji da kemistiri da fizis, kuma a zaman da bai wuce biyu ba. A makarantar da na yi mun daɗe ba mu da tsayayyen malamin lissafi, wannan ya zo ya tafi, wancan ya zo ya tafi. Daga nan aure ya zo, haihuwa ta biyo baya, takardar tana kwance a ƙasan akwati shekara da shekaru. Duk lokacin da na kai yaro asibiti na ga mata sa'o'ina cikin fararen kaya, sai na ji abin ya taso mini.

Godiyata ta farko bayan Allah ga Malam take, tsohon malamin lissafi da ya yi ritaya, ya buɗe zauren gidansa a nan Katsina bayan la'asar, yana koyar da duk wanda ya zo ba tare da karɓar ko sisi ba. Ya roƙi kada in kama sunansa, na kuwa bi. Ranar da na fara zuwa bai buɗe littafin aji shida na sakandare ba. Ya ba ni 'yan tambayoyi na firamare, jadawalin sau da rabawa da lissafin kaso, ya duba aikina ya ce, "Malama, ba kai ne ba ki da shi ba, tushe ne ba a kafa miki ba. Daga nan za mu fara." Bai taɓa sa na ji kunya a gaban yaran da na girme su nesa ba kusa ba.

Zan ɗan tsaya a kan yadda Malam yake koyarwa, saboda na san akwai mata irina da za su karanta wannan, kuma abin da ya ba ni kyauta bai kamata in ɓoye shi ba.

Dokarsa ta farko ita ce lissafi da hannu ake karanta shi, ba da ido ba. Yakan ce kallon tuƙi ba ya koya wa yarinya tuwo, sai ta riƙe muciya. Idan ya yi misali a allo muka ce mun gane, sai ya goge, ya sa mu rufe littattafai, kowa ya sake yin wannan misalin daga farko shi kaɗai. A nan ne mutum yake sanin gaskiyar kansa, domin "na gane" daban, "na iya" daban. Ya kuma fi son aikin rabin awa kullum a kan a tara na mako guda a zauna masa ranar Lahadi. Ni bayan sallar asuba na zaɓa, kafin yara su tashi, lokacin da gida yake shiru kai kuma bai ɗauki hayaniyar rana ba.

Ya sa kowannenmu ya ware ƙaramin littafi guda, ba a rubuta komai a ciki sai tambayar da ta kayar da mutum, da daidai layin da aka kauce, da gyaran. Bayan kwana biyu a koma mata, bayan mako a sake komawa, har sai ta daina ba da wahala. Da jarrabawa ta matso, wannan ɗan littafin ya fi mini babban littafi amfani, don shi ne ya san ramukana. Ba ya kuma barin mu kwana a babi ɗaya. A zama guda zai haɗa aljabara da da'ira da ƙididdiga, yana cewa a ɗakin jarrabawa ba wanda zai gaya maka daga wane babi tambaya ta fito, kai ne za ka gane ta da fuskarta.

Abin da ya fi buɗe mini kai shi ne yadda yake yi da tambayoyin da ke zuwa da dogon Turanci. Ba ya barin a ɗauki biro sai mutum ya faɗi tambayar da Hausa, da bakinsa: me aka ba ka, me ake nema? Sannan a zana hoto, ko da kuwa mummuna ne. Da yawa daga cikinmu ashe ba lissafin ne yake kayar da mu ba, ba mu san abin da aka tambaye mu ba ne. Haka ya yi mana da darasin auna alƙibla, wanda ake farawa daga arewa a bi hannun agogo a rubuta da lamba uku. Ya fito da mu tsakar gida, ya nuna arewa, ya ce gabas 090, kudu 180, yamma 270, sannan ya tambaye mu ina muke fuskanta in za mu yi salla. Daga Katsina alƙibla gabas ce da ta ɗan karkata arewa, wajen digiri 70. Tun daga ranar ban sake rikicewa a wannan babin ba.

Kuma ya koya mana mu riƙa binciken amsarmu da kanmu. Idan aka ba ka x² − 5x + 6 = 0 ka samu 2 da 3, mayar da 2 ciki: huɗu a ɗebe goma a ƙara shida, babu saura. Mayar da 3: tara a ɗebe sha biyar a ƙara shida, babu saura. Shi ke nan, ba ka bukatar kowa ya ce maka ka yi daidai. Wannan ɗan abu ya cire mini tsoro ƙwarai, domin a da duk amsar da na rubuta cikin shakka nake barinta.

Malam, Allah Ya saka maka da gidan Aljanna, Ya jiƙan mahaifanka, Ya sa wannan zaure ya zame maka sadaka mai gudana.

Sai Baffa, ƙanin mahaifina, malamin zaure da ake kira idan za a yi rabon gado a unguwarmu. Da ya ji ina fama da lissafin kaso sai ya aika aka kira ni. Ya ce, "'Yata, zauna. Mutum ya rasu ya bar mata da uwa da 'ya mace ɗaya. Matar sumuni, wato ɗaya bisa takwas, uwar sudusi, ɗaya bisa shida, 'yar rabi. Wace lamba ce takwas da shida da biyu duk za su shige ta ba saura?" Na yi ta lalube har na kai ashirin da huɗu. Ya ce to wannan shi ne asalin mas'ala: matar uku, uwar huɗu, 'yar sha biyu, sha tara ke nan, biyar ta rage wa asaba, wato dangin mamacin maza ta wajen uba. Da na koma wurin Malam na nuna masa, ya ce ai abin da muke nema ke nan duk lokacin da za mu tara kaso masu ƙasa daban-daban. Abin da na yi shekaru ina gudu, ashe Baffa yana yin sa a kan buzu da yatsunsa.

Shi ne kuma ya ba ni labarin Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, malamin ƙasar Katsina da ya shahara a ilimin hisabi da taurari, ya tafi Hajji, ya zauna a Alƙahira, a 1732 ya yi rubutu a kan murabba'in lambobi, irin wanda duk layin da ka tara a tsaye ko a kwance ko a karkace jimla ɗaya zai ba ka, ya rasu a can a 1741. Baffa ya ce kada in ƙara jin wani ya ce lissafi ba namu ba ne in yi shiru. Na gode, Baffa. Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Cikin gida kuwa ban san ta inda zan fara ba. Maigida shi ya fara cewa in koma, shi ya biya kuɗin rajista, ya sayo mini kalkuleta da akwatin kayan zane da fitila mai cajin rana saboda rashin wuta. Bai taɓa ɗaure fuska don ya dawo ya tarar ba na nan ba. Yaya, abokiyar zamana, ta karɓi girkina na yamma a ranakun lesin ba tare da na roƙa ba, kuma a makon jarrabawa da zazzaɓi ya kama autana, ita ta kwana da shi a ɗakinta, ta ce mini, "Ke dai je ki kwanta, gobe kina da takarda." Mutane suna faɗin abin da suke faɗi a kan zaman kishi. Ni dai ga abin da na gani, kuma ina so a sani. Hajiya, surukata, kullum na fita sai ta bi ni da addu'a. Innata ta yi ta azumin Litinin da Alhamis da ni a ranta. Allah Ya bar mana ku.

Ƙannena na zauren Malam, 'yan mata da samarin da ke kira na Anti, ku ma kuna da kaso babba. Malam yana sa mu koya wa juna, yana cewa wanda ya iya bayyana wa wani shi ne ya iya. Wata yarinya da ba ta fi shekara sha bakwai ba ita ta zaunar da ni a kan zanen giraf, ta nuna mini yadda ake zaɓar ma'auni a fara da fensir mai tsini, in layin mai lanƙwasa ne a haɗa ɗigogin da hannu sake ba da rula ba. Ni kuma na biya ta da logaridim. Ranar Asabar muke zana tsofaffin takardun WAEC da agogo a gaba, kamar gaske: tambaya 50 na zaɓi cikin awa ɗaya da rabi, abin da bai kai minti biyu ga kowace tambaya ba, sannan takardar rubutu ta awa biyu da rabi, biyar na dole a kashin farko, a kashi na biyu kuma a zaɓi biyar cikin takwas. A nan muka koyi kada a maƙale wa tambaya ɗaya, a tsallake a dawo, kuma a karance takwas ɗin nan duka kafin a zaɓa. Malam da kansa yake duba takardun ya ba da maki, yana nuna mana cewa hanya tana da makinta daban da na amsa, don haka ko ƙarshe ya kuɓuce, matakan da aka rubuta ba su faɗi a banza ba. Yakan kawo mana abin da manyan masu duba jarrabawa na WAEC suke kuka da shi a rahotonsu: ɗalibai na gudun tambayoyin da'ira da kusurwa, suna gutsure lamba tun kafin su kai ƙarshe, suna mance rubuta santimita ko naira a bayan amsa. Cikinmu akwai waɗanda Allah bai nufa ba wannan karon. Ina tare da ku, kuma ba mu gama ba.

Akwai maganar da ba zan bari ba. Mutane da dama, wasu ma da kyakkyawar niyya, sun ce mini me zai sa uwar 'ya'ya ta wahalar da kanta alhali akwai cibiyoyin da ake biya a rubuta wa mutum amsa a allo. Antina ma'aikaciyar jinya ce ta kashe wannan magana. Ta ɗauko kwalbar farasitamol ta yara ta ce, "Yaro mai kilo 12, ana ba shi miligiram 15 a kowane kilo, kwalbar nan kuma miligiram 120 ne a cikin mililita 5. Nawa za ki zuba masa?" Na zauna na buga: miligiram 180, wato mililita bakwai da rabi. Ta ce, "To ranar da kike tsaye a kan ɗan wani da tsakar dare, wa zai rubuta miki wannan a allo?" Takardar da aka saya tana iya shigar da mutum makaranta, amma ran ɗan mutane ne zai biya kuɗinta daga baya. Anti, na gode da kika faɗa mini gaskiya ba ki rufe ni ba.

Ina godiya ga matan adashinmu da suka ba ni ɗauka kafin layina ya zo don in sayi littattafai, da yaron shagon intanet da ya yi haƙuri da ni wajen rajista ya duba sunana da hotona sau da sau, da mai adaidaita sahun unguwarmu da ya zo ƙofar gida da sassafe ranar takarda don kada in makara. Wanda duk ban ambata ba ya yafe mini, yawa ne ya yi yawa, Allah Ya san ku ɗaya bayan ɗaya.

Malam ya ce zai sake buɗe zaure ga masu shirin zana ta gaba, kuma ya amince a ware wa matan aure ranakunsu. Ni zan riƙa zuwa ina taimaka masa da masu farawa daga tushe, kafin Allah Ya sa a fara sayar da fom na makarantar jinya. Tsofaffin takardun tambayoyina da littattafaina suna nan, duk 'yar'uwar da ke bukata ta yi mini magana ta akwatin saƙo, ko ta aiko a karɓa.

Ku sa ni a addu'a a kan abin da ke gaba. Allah Ya saka wa kowa da alheri, Ya ba 'ya'yanmu ilimi mai amfani. Amin.