Tarihin Rayuwata, Kashi na Bakwai: Riƙon Amanar Rubutun Mutane

Assalamu alaikum masu karatu. A makon jiya mun tsaya a inda aka damƙa mini ragamar shafin da marubuta da yawa ke wallafa rubutunsu a ƙarƙashin inuwa ɗaya. Yau aikin kansa zan buɗe muku cikinsa, domin shi ya cinye mafi yawan shekarun nan.

A kan manhajar WordPress aka gina shafin, da tsarin Multisite, mai ba kowane marubuci sashensa a cikin shafi ɗaya, wanda ya shigo cikin manhajar tun fitowa ta 3.0 a 2010. Layi ɗaya ake ƙarawa a fayil ɗin wp-config.php a kunna shi, amma daga nan sai zaɓin da ke da wuyar warwarewa daga baya: sunan kowane marubuci ya zo a gaban adireshin shafin ne, ko a bayansa? Wanda ya zaɓi gaba, sai ya saita DNS, wato tsarin da ke kai adireshi ga sabar (kwamfutar da shafin ke zaune a kai), da alamar tauraro (*) domin kowane sabon suna ya samu hanya, ya kuma nemi takardar tsaro ta SSL mai rufe sunayen duka. Ta hukumar Let's Encrypt kyauta ce, sai dai kwana 90 take yi ta ƙare. Ranar da sabuntawar ta maƙale ba a lura ba, duk wanda ya shigo gargaɗin haɗari zai tarar a ƙofa.

Abin da sabon shiga bai cika sani ba shi ne nauyin da kowane marubuci ke ɗora wa rumbun bayanai, inda ake adana rubutu da saituttuka cikin teburi. Duk sashen da aka buɗe, teburi goma ake ƙirƙira masa, masu farawa da wp_2_, wp_3_, haka har ƙarshe. Sashe 300 ke nan teburi 3,000. Shi ya sa barin rajista a buɗe ga kowa ganganci ne. Manhajojin masu tallan bogi za su yi ta buɗe sassa cikin dare, kowanne cike da mahaɗan caca da na magungunan ƙarya, kafin gari ya waye rumbun ya kumbura, sunan shafin kuma ya ɓaci a wurin Google. A rufe rajistar, mai son shiga ya nema, mutum ya duba da idonsa. A kuma kunna iyakar ajiyar hotuna. Megabait 100 ne tsarin ke ba kowane sashe tun asali, kuma ya isa farawa.

Sai rabon makullai. Babban mai kula shi kaɗai ke iya saka sabuwar ƙaramar manhaja (plugin) ko sabon fasalin shafi (theme), kuma haka ya kamata ya zauna, ko da wa ya roƙa. Ƙaramar manhaja ɗaya mai rami ta isa ta buɗe gidan gaba ɗaya, tunda dukkan sassan lamba ɗaya suke gudana a kai. Sabon marubuci a fara ba shi matakin da zai rubuta amma ba zai wallafa ba sai edita ya duba. In kuma wani ya yi fushi ya ce a goge shi, a yi hattara da tambayar da allon zai yi: a share rubutunsa, ko a mayar da shi ƙarƙashin wani suna? Hannu ya zame a nan, aikin shekaru ya tafi.

Inda na fi so mu daɗe shi ne ranar ƙaura daga wata sabar zuwa wata, domin a nan masu rubutu da Hausa suka fi cutuwa. Za a kwashe rumbun cikin fayil da umarnin mysqldump, a zuba a sabon wuri, a buɗe shafi, sai a ga kalmar ƙasa ta koma Æ™asa, ɗaki ya koma É—aki. Dalilin shi ne harafin ƙ bait biyu ne (wato ƙwayar bayani biyu) a tsarin adana haruffa na UTF-8, amma tsohon teburin an yi masa lakabin latin1, tsarin da kowane harafi bait ɗaya ne, sai kowane bait aka karanta shi a matsayin harafi mai zaman kansa. Wannan yana gyaruwa: a sake kwasowa a matsayin latin1 ba tare da an juya komai ba, a canza lakabin zuwa utf8mb4, sunan UTF-8 a wurin rumbun, a cikin fayil ɗin, sannan a zuba. Wanda ba ya gyaruwa shi ne idan alamar tambaya ce ta maye gurbin harafin. A nan bayanin ya riga ya salwanta, ba abin da zai dawo da shi sai tsohon kwafi. Don haka kada a kashe tsohuwar sabar sai an buɗe rubutu goma zuwa ashirin daga sassa daban-daban, tsofaffi da sababbi, an karanta su da ido.

Haka ma canza adireshi. Kada a buɗe fayil ɗin rumbu a yi ta musanya tsohon suna da sabo da hannu, domin wasu saituttukan an adana su ne tare da ƙidayar haruffansu; tsayin ya canza, saitin ya mutu shiru. WP-CLI, manhajar sarrafa WordPress ta rubuta umarni, na da umarnin search-replace da ya san wannan lissafi, a haɗa masa da --network ya bi dukkan sassan.

Kwafin ajiya kuwa abu biyu ne, rumbun bayanai da babbar jakar wp-content/uploads, inda hotunan kowane sashe ke cikin jakarsa mai lamba. A ɗauka kullum, a ajiye ɗaya a wajen sabar, kuma duk wata a gwada dawo da shi a wani wurin gwaji. Ina matuƙar jin zafin yadda ake sakaci da gwajin nan, domin sau da yawa sai ranar da ake kuka ake gane fayil ɗin ya yanke a tsakiya tun watanni da suka wuce saboda faifan ya cika.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu, zan shiga batun rubutun da aka tsara ya fita da asuba amma ya ƙi fita, da yadda ake ɗauke aikin daga wp-cron, agogon WordPress na cikin gida, a miƙa wa agogon sabar.