Akwatin ƙarfen Baba Kofur

Satin da ya wuce muna kwashe kayan ɗakin kakarmu Iya, Allah ya jiƙanta, sai ƙanwata ta jawo wani akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado duk ya yi tsatsa, da ƙyar muka ɓalle kwaɗon. A ciki akwai lambar yabo mai siffar tauraro, ƙyallenta ja ne a tsakiya da shuɗi da ruwan lemo a gefe, sai takardar sallama daga soja da ta yi laushi kaman tsumma, sai wasiƙu guda biyu da ta naɗe a cikin ɗankwali. Wallahi ina ganinsu jikina ya yi sanyi, na zauna a ƙasa na kasa cewa komai.

Kayan kakanmu ne. Duk ƙauyen ana ce mai Kofur, mu jikoki muna cewa Baba Kofur, yara kuma in ya wuce su ce ga ɗan Bama nan. Shi dai bai taɓa zama ya ba mu labarin yaƙi ba, in ka matsa mai sai ya ce daji ne da ruwa, shikenan ya ja carbinsa.

Sai da na girma na fara haɗa zaren da kaina. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu Turawan Ingila sun nemi samari ta hannun sarakuna, sarakuna suka tura wa hakimai, hakimai suka tura wa dagatai, haka maganar ta gangaro har ƙofar gidansu, ana cewa sa kai ne amma in dagaci ya kira sunanka waye kai da zaka ce a'a. A 1943 aka kafa runduna ta 81 da ta 82 na sojojin Afirka ta Yamma, aka loda su a jirgin ruwa zuwa Indiya, daga can aka wuce da su ƙasar Bama su tari sojan Japan. Mutumin da bai taɓa ganin ruwan da ya wuce rafin bayan gari ba, sai gashi makonni a kan teku. Rundunarsa ita ce ta 81, wadda ta shiga kwarin kogin Kaladan a 1944, wajen da mota bata shiga, jirgin sama ne ke jefo musu abinci da harsashi ɗaure da laima, sauran kaya kuma a ka ake ɗauka ana hawa duwatsu, ga matsattsaku ga sauro ga atuni, cuta kaɗai ta kwantar da mutane da yawa kafin ma a zo maganar bindiga. A Janairun 1945 rundunonin biyu suka karɓe garin Myohaung. Shi yasa har gobe akwai barikin Myohaung da na Arakan a Legas, akwai Dalet da Kalapanzin a Kaduna, akwai Chindit a Zariya, shi kuma sunan wata runduna ce a yaƙin Bama, mutane na wucewa ta gabansu kullum suna kiran sunayen ba tare da tunanin cewa yawancinsu sunayen wuraren da iyayenmu suka zubar da jini ba ne, kuma abun nan yana min ciwo gaskiya.

Amma fa ni Iya ce ta tsaya min a rai tunda na buɗe akwatin nan. Ya tafi ya barta da goyon babanmu, ga surukarta tsohuwa da bata gani sosai, ga gona, ita ce noma ita ce ɗebo ruwa ita ce jinya. Shekara uku da wani abu wasiƙa biyun nan kaɗai ta samu, kuma ba karatun boko take ba, sai ta kai wa malamin makaranta a garin hakimi ya karanta mata, ta ce sau ɗaya ya karanta ta haddace, ko da ta tsufa tana iya maimaita ta farkon daga gaisuwa har ƙarshe. Bayan ta biyun sai shiru, shiru mai tsawo, har 'yan uwanta suka fara cewa ta haƙura ta yi takaba tunda wasu gidajen an kawo musu labari. Ta ce musu ni ba'a kawo min ba, ranar da aka kawo zan yi. Ita babu wanda ya rataya mata lamba, babu takardar da sunanta ke ciki, amma ni a wajena ita ma ta yi wannan yaƙin.

Japan ta miƙa wuya a Agustan 1945 amma sai 1946 ya iso gida, dan jiran jirgi kaɗai ya ci watanni. Babanmu yana ganinsa da kaki ya ruga ya ɓuya bayan Iya yana kuka, ta ce wannan ne karo na farko da ta ga hawayen Malam, haka take kiransa. Ya koma gonarsa kaman kowa, ɗan kuɗin sallamar bai daɗe ba ya ƙare.

Abu ɗaya da na gani da idona ina yaro, in damina ta sauka ana ruwa da tsawa cikin dare baya iya kwanciya, sai ya fito zaure ya zauna ya jingina da bango yana kallon ƙofa. Iya zata taso da fitila ta zauna kusa da shi, bata cewa komai, iyaka in ya zabura ta ce Malam gida kake, gida kake. Haka suke har asuba. Na tambaye ta wata rana, Iya me yasa Baba baya bacci in ana ruwa, sai ta ce jeka ka kwanta ɗan nan, yana gadinmu ne.

Mun yi shawara da ƙannen babanmu akwatin zai zauna a wajena. Na goge tsatsar na sa mai sabon kwaɗo, wasiƙun kuma na maida su cikin ɗankwalinta yadda ta naɗe su. Allah ya jiƙansu da rahama, ya haɗa su a aljanna.