Yaran da ba za su zama Kudus ba

Tun da ɗan wasan Ghana Mohammed Kudus ya zura wa Koriya ta Kudu ƙwallo biyu a gasar kofin duniya a Katar a 2022 aikinmu ya canza a unguwar Nima da ke Accra. A da mu ke bin iyaye gida gida muna roƙo a bar yaro ya zo tirenin, yanzu kuwa uba da kansa zai riƙo hannun ɗansa ɗan shekara tara har bakin fili ya ce Madam ga shi nan, ƙafar hagu gare shi irin ta Kudus. Kuma ban ga laifinsu ba, a lungunan nan yaron ya tashi, a kulob ɗin Strong Tower ya fara, akadamin ƙwallo ta Right to Dream suka ɗauke shi yana shekara 12, ya tafi Nordsjaelland ta Denmak a 2018, Ajax a 2020, West Ham a 2023, sai Tottenham a 2025. Kowa ya gani da idonsa. Amma sauran yaran da suka sha ƙurar fili ɗaya da shi fa, ina suke, me suke yi yanzu? Ni dai aikina a kan irinsu yake.

Ni ba koci ba ce, malamar ƙaramar sakandare (JHS) ce, ƙanena da ke horar da 'yan ƙasa da shekara 13 ne ya jawo ni don na riƙe musu rajista, daga rajista sai katin inshorar lafiya, sai abinci, sai sasanta faɗa, har na zama Antin kowa. Akadamin tamu ƙarama ce ta unguwa, ba a kwana, yara na zuwa daga Nima da Mamobi da Newtown bayan an tashi daga boko, muna da 'yan ƙasa da 13 da 15 da 17 yadda gasar yara ta kolts take.

Abin da na fara koya shi ne yunwa tana kama da lalaci idan daga nesa kake kallo. Akwai wani yaro siriri mai tsaron baya da kullum minti ashirin na farko zaki ne, bayan nan sai ya riƙe ƙugu yana tafiya, Koci ya yi ta masa tsawa. Wata rana na zaunar da shi na ce faɗa min gaskiya me ka ci yau, ya sunkuyar da kai yana murza ledar fiya wata a hannu ya ce Anti koko da safe, kuɗin rana kuma ya ba ƙannensa. Ƙarfe huɗu da rabi na yamma fa. Daga nan muka tara iyaye mata muka fara adashe, kowa ta turo abin da ya sawwaƙa ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, Hajiya mai wake da shinkafa ta bakin titi ta ce ita nata gudummawar shi ne duk ranar tirenin za ta ajiye mana kwano babba a kuɗin sari, idan da saura a tukunya kuma kyauta. Muka sa doka manya ne ke zuba wa ƙanana kuma sai ƙaramin cikinsu ya samu kafin kyaftin ya kai loma, su kuma ƙanana su wanke kwanuka. Wallahi zaman cin abincin nan ya gyara tarbiyya fiye da duk wa'azin da muke yi a bakin fili, don yaron da ya zuba maka wake da hannunsa jiya da wuya ya taka maka ƙafa da gangan yau.

Sai rigimar lokaci. Yaron zango kwanansa a rabe yake, boko Litinin zuwa Juma'a, Islamiyya Asabar da Lahadi, wasannin kolts kuma yawanci ƙarshen mako suke faɗowa, to Malam ya fara dukan masu guduwa, iyaye suka fara janye yara. Ni da Baba Alhaji shugaban kwamitinmu muka je har zauren Malam muka durƙusa, Baba Alhaji ya ce Allah gafarta Malam ba mun zo ƙwace maka ɗalibai ba ne, mun zo ka taya mu riƙe su. Aka yi kati, duk yaron da Malam bai sa wa hannu ba cewa ya ba da hadda, ba ya cikin sha ɗayan farko. Da azumi kuma mu rage tirenin ya zama ɗan taɓa ƙwallo gab da magariba, a sha ruwa tare. Malamin nan da ke kiran ƙwallo shiririta yanzu shi ke tambayata nawa nawa aka tashi.

Maganar boko ita ce muka fi jan daga a kanta ni da kocinmu. Shi ra'ayinsa duk wanda ya faɗi jarrabawa a kore shi sai ya gyara. Ni na ƙi, har yau kuma na ƙi, don na san inda yaro ɗan shekara 14 zai je idan ka rufe masa fili, bes zai je ya zauna wurin masu ataya har dare, kuma ba kowane bes ne ataya kaɗai ake sha ba, duk mun san abin da tramol ya yi wa samarin unguwannin nan. Abin da muka tsaya a kai shi ne zai zo, zai sa jesi, amma zai zauna a benci da littafinsa yana jin ƙarar ƙwallo a bayansa sai ya gama aikin gida a gabana. Wannan hukuncin ya fi bulala ciwo kuma yaron yana idonmu. 'Yan aji uku na JHS kuwa idan jarrabawar kammalawa ta BECE ta matso muna rage musu kwanaki, tunda tun 2017 babbar sakandare (SHS) kyauta ce babu dalilin da zai sa yaro ya tsaya a nan. Ina yawan tuna wa iyaye cewa ita kanta Right to Dream ɗin da Tom Vernon ya kafa a 1999, makaranta ce sosai a Old Akrade, yara da yawa daga can ba kulob suka tafi ba, karatu suka samu a Amurka da Ingila ta dalilin ƙwallo.

'Yan damfara kuma sai dai Allah ya isa. Wani ya taɓa zuwa da mota mai kyau da hotunan 'yan wasa a waya, ya kewaye mu ya je gidan wani yaronmu ɗan 15 ya ce ya samo masa gwaji a Turkiyya, a kawo kuɗin biza da tikiti, kuma a yi sabuwar takardar haihuwa a rage shekara biyu. Uwar ce ta zo min da dare ta ce Madam babansa na shirin sayar da babur ɗin da muke ci da shi. Na je na ce Baba ka yi haƙuri ka saurare ni, dokar FIFA ta hana a kai yaro kulob na ƙasar waje kafin ya cika 18 in ba da wasu 'yan dalilai ba, shi ya sa Kudus ɗin ma sai a shekarar da ya kai ya tafi, kuma kulob na gaskiya shi ke biyan kuɗin jirgi. Rage shekaru kuma tun 2009 ake sa wuyan hannun 'yan ƙasa da 17 a na'urar MRI, ƙashi ba ya ƙarya. Ya ji haushina sosai, ya yi wata ba ya amsa gaisuwata, amma babur na nan.

Ranar da ta fi min nauyi a shekara ita ce ranar da masu zaɓen 'yan wasa suka zo suka tafi, suka kira suna biyu ko ɗaya ko babu, sauran kuma sun kai 17 ba ajin da za su shiga. Yaro ya ba fili shekara bakwai, unguwa na kiransa da sunan wani tauraro, mamarsa ta riga ta faɗa wa 'yan uwa a Tamale da Bawku. Irin wannan ba a sallamarsa a bakin fili gaban ƙanana. Gida muke zuwa ni da Koci mu zauna da iyaye, kuma ba ma zuwa hannu rabbana, sai mun riga mun yi magana da wani tela ko makaniki ko masu gyaran waya na Circle, ko mun duba masa kulob na rukuni na biyu idan har yana so ya ci gaba, masu natsuwa kuma muna tura su shirin hukumar ƙwallon Ghana, GFA, na koya wa yara alƙalancin wasa. Kuma jesinsa ba a karɓa. Muna ce masa Asabar ka zo ka riƙe mana 'yan ƙanana. Wasu ba sa dawowa, kunya take hana su, irin waɗannan sai ka bi su ka yi ta bi. Wanda yake zuba wa yara wake yanzu kuma yake raka masu nisa har bakin motar haya ta trotro, ɗaya ne daga cikin waɗanda ba a zaɓa ba, da rana yana koyon wayarin lantarki, kuma shi ne ya fara gano wani ƙaramin yaro da ake duka a gida, ya lura ba ya yarda ya cire riga a gaban mutane. Ni da nake da takardar koyarwa ban gani ba sai da ya nuna min.

Yanzu abin da ke gabanmu 'yan mata ne. Sun daɗe suna tsayawa a bayan raga suna mayar da ƙwallon da ta fita, wasunsu bugun da suke yi ya fi na mazan. Iyaye maza na ɗari ɗari, ni kuma ina kawo musu misalin Mukarama Abdulai 'yar Tamale da ta fi kowa cin ƙwallo a gasar duniya ta 'yan ƙasa da 17 a Urugwai a 2018, guda 7. Sharuɗansu uku ne, a samu mace babba a fili kullum, a samu ɗakin canza kaya mai ƙofa, a sallame su kafin magariba. Na farko da na ƙarshe mun riga mun amsa, Hajiya biyu sun ce za su dinga karɓa karɓa da ni. Ɗakin ne ya rage, akwai wani shago da ba kowa a ciki kusa da fili, Baba Alhaji zai ga mai shi bayan sallar Juma'a.