Godiya daga gidan Shamaki, Tudun Wada

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Alhamdu lillahi, yau kwanan Yaya uku a gida, bayan masu garkuwa da mutane sun sako shi. Saƙon nan ya makara, ku yi mini afuwa, sai yau na iya riƙe waya hannuna bai yi rawa ba. Kwana ashirin da shida tana manne da jikina, ko alwala zan yi tana aljihun gaba, har yanzu in ta yi ƙara sai gabana ya faɗi, ko da kamfanin waya ne ke tallar waƙa.

Kun bi komai tun ranar farko, ba sai na maimaita ba. Masu turo tambayar nawa aka bayar, don Allah ku bari. An sayar da abin da aka sayar, mutum ya dawo da ransa. Ƙafafunsa dai a kumbure suke, kuma ya rame har ƙaramar 'yarsa ta ƙi zuwa wurinsa a daren farko, ta laɓe bayan uwarta tana leƙensa.

Daren na tara nake so in ba ku labarinsa, tunda na ji ana ta ƙananan maganganu a kai a cikin dangi, gara ku ji daga bakin wanda wayar ke hannunsa.

Kafin daren sun riga sun yanka mana adadi, muna ta fafutukar haɗawa. Bayan isha'i, an ɗauke wuta, muna zaune a falon marigayi Baba da fitilar caji ɗaya, sai kira ya shigo. Na buɗe muryar kowa ya ji. Mutumin bai ko amsa sallamata ba, ya ce, “Kai, ashe raina mana hankali kuke yi? Ashe basarake muka kama.” Sun sa wa wayar Yaya caji, sun ga hotonsa a kan doki da rawani, sun duba katinsa an karanta musu Shamaki. Nan take ya ninka kuɗin sau biyar, ya ce mu je fada a ba mu. Daga can bayansa na ji muryar Yaya yana rantsuwa, sai kuma na ji saukar sanda. Bakina ya bushe. Ni da nake ta lallaɓa su kwana takwas, ranka ya daɗe nan, don Allah can, ko kalma ɗaya ta ƙi fitowa.

Hoton nan kuwa na hawan Sallar bara waccan ne a Zariya. Dokin na abokinsa ne, rawanin a bakin titi aka naɗa masa, kuma duk wanda ya san Yaya ya san ana gama ɗauka ya ce a sauke shi.

Gwaggo, babbar yayar Baba, tun kwana na biyu ta taho daga Zariya ta shimfiɗa tabarma a lungun falon, ba ta cewa komai sai jan carbi. Daren nan sai kawai na ga hannunta a gabana. “Ba ni shi,” in ji ta. Baffa ya ce, “Hajiya, ba a sa mata a irin wannan magana.” Ko kallonsa ba ta yi ba.

“Ɗan nan, sannu da dare. Ni ce uwarsa. Ka san mene ne shamaki?” Shiru. “Ka dai san turke. To inda ake kafa turakun dawakin mai sarauta, nan ne shamaki, wanda aka ɗora a kan wurin shi ma sunan da ake kiransa ke nan. Kakanmu bawa ne. Da shi da sirdi da linzami duk kayan mai gida ne. Shi ke auna dusa, shi ke ba da kanwa, shi ke sa a kwashe kashi, in doki ya kwana da ciwon ciki shi ma bai kwanta ba. Kuma ba na Sarki ba ne, na wani hakimi ne a ƙauye. Suna muka gada, ko ragama ba a bar mana ba. Yaron da ke hannunka masara yake sarowa ya kawo Kaduna. In ka kashe shi, jikan bawa ka kashe a kan dokin aro.”

Ya yi dariya, wata irin dariya da har yanzu nake ji a kunnena, ya ce, “Tsohuwa, kin iya magana.” Ya kashe waya.

Falon cike yake a lokacin. Akwai maƙwabta, akwai surukan Yaya, akwai abokan kasuwarsa. Baffa ya sunkuyar da kai kamar an watsa masa ruwan sanyi. Gwaggo ta miƙo mini wayar, ta gyara mayafi, ta ce, “Ranar wanka ba a ɓoyon cibi,” ta koma kan carbinta.

Kwana biyu ba su sake kira ba. A duk kwanakin nan babu waɗanda suka kai su tsawo, har a raina na fara cewa Gwaggo ta kashe mana shi, Allah Ya yafe mini. A na ukun suka kira, suka koma kan adadin farko da 'yan ƙare-ƙare. Ba na cewa maganarta ce ta yi, Allah ne Ya yi, da addu'o'inku. Amma Yaya ya gaya mini a daren mutumin ya zo ya haska shi da tocila ya ce, “Wai da gaske ku bayi ne?” Shi kuwa bai taɓa jin zancen ba, sai ya ce, “In Gwaggo ce ta faɗa, haka ne.” Daga ranar suka daina yi masa ranka ya daɗe na izgili, suka koma kiransa ɗan barga, dukan ma ya ragu.

Ni ma ban sani ba. Shekarata 38, abin da na taso ina ji shi ne mu gidan sarauta ne, a firamare har ɗan sarki ake ce mini ina hura hanci. Shamakin da na sani a Hausa shi ne na “babu shamaki a tsakaninmu”, wato abin da ke raba tsakani, ban taɓa kawo doki a ciki ba. A kwana biyun nan na shiru, da barci ya gagara, na zauna gefen tabarmar Gwaggo ta yi ta ba ni labari, wataƙila don ta ɗauke mini hankali.

Ita ba ta ga abin kunya a ciki ba ko kaɗan. Ta ce bawan fada daban, bawan gona daban. A Kano, Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama su ne manyan bayin Sarki, a hannunsu dawaki da makamai da hanyar ganin Sarki suke, har ɗan sarki mai rawani yakan lallaɓa su. 'Ya'yansu da aka haifa a cikin gida su ne cucanawa. Hakimai kuma kowa ya kwaikwayi fada daidai ƙarfinsa, ya naɗa nasa Shamakin ko da dawakinsa shida ne, irin wannan ne namu. Ta bambance mini shi da Madaki, wanda asalinsa Madawaki ne, jagoran mayaƙan doki, a Kano ma yana cikin masu zaɓen Sarki tare da Makama da Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Mai Tuta. “Madaki ya hau ya tafi yaƙi, makaɗa su yi masa kirari,” in ji ta, “amma in dokin ya yi tuntuɓe, Shamaki za a tambaya.” A zamanin da doki shi ne ƙarfin gari, ba a damƙa barga sai ga wanda aka yarda da shi fiye da ɗan cikin mutum, domin ɗa yana iya haɗa baki a tuɓe ubansa ya hau, bawa kuwa ba ya gadon karaga. Yanzu a masarautu da dama ana naɗa sarautar ga 'yan boko da attajirai don girmamawa, shi ya sa jin sunan kawai ke sa a ɗauka akwai kuɗi.

Babbar 'yar Yaya, mai karatun tarihi a jami'ar Zariya, ita ta sa mana shekaru a labarin. Shelar Gwamna Lugga ta 1901 ta ce duk wanda aka haifa daga Afrilun shekarar ɗa ne, sai a 1936 doka ta kashe bauta gaba ɗaya a Arewa. Ke nan mahaifin su Gwaggo a takarda ɗa ne tun haihuwa, amma bai bar gidan hakimi ba, ya gaji turakun ubansa ya gaji sunan. Yarinyar ta ƙara da cewa Turawa ma haka suke: Mashal ɗin da muke ji a Fil Mashal asalinsa kalmomi biyu ne na tsohon Jamusanci, doki da bara, ga shi ya zama ƙololuwar muƙamin soja, ya kuma zama sunan iyalai a Ingila da Amurka. Gwaggo ta ce, “To, ashe su ma kashin doki suka kwasa.” Dariyar farko ke nan da aka yi a gidan tun da abin ya faru.

Yadda ya zama sunanmu kuwa kunya ce ta jawo. Ranar da aka kai Baba elemantare, malam ya buɗe rajista ya tambaye shi sunan mahaifi. Yaron Bahaushe na lokacin ba ya kama sunan ubansa, sai ya ce Shamaki, malam ya rubuta. Haka wasu suka tashi da Galadima da Ciroma da Ma'aji, wasu kuma aka laƙaba musu garinsu, kamar Malam Aminu Kano da Alhaji Shehu Shagari. Da wannan takardar Baba ya zo Kaduna ya kama aiki a masaƙa a Kakuri, inda ba wanda ya san ƙauyensu, sai sunan ya riƙa yi masa kwarjini shi kuma bai gyara wa kowa ba. Amma Gwaggo ta ce lokacin hawan daba na FESTAC a 1977, da aka cika Kaduna da dawakin sarakunan Arewa, hutu ya ɗauka ya tare wurin dawakin hakiminsu, ya naɗe ƙafar wando yana ɗaukar harawa, ya dawo gida yana warin barga yana murna. Wannan Baban ban san shi ba, kuma da na so in san shi.

Na san ba a ambatar suna a irin wannan, kuma waɗanda zan ambata za su ji haushina, su yi haƙuri. Malam Isuhu mai shayin bakin layinmu, kwana ashirin da shida yana aiko da fulas da burodi, na kai masa kuɗi ya ce in na sake zai daina gaishe ni. Maman Rifkatu, abokiyar ɗinkin Anti, tun daga Sabon Tasha take tsallako gada da kular abinci, ranar da Anti ta sayar da kekenta na ɗinki kuma washegari sai ga nata a bayan Keke Napep, wai ajiya ta kawo. 'Yan kasuwar hatsi da suka zagaya da buhu rumfa rumfa, har da masu dako da suka jefa na cin abincinsu. Liman da jama'ar masallacinmu da ba su fasa alƙunutu ba, da yaran Islamiyya da suka yi ta sauka. Sai yaron da ya ɗauki saƙon a babur ya shiga inda ni ɗan'uwansa na kasa shiga. Shi kam ba zan faɗi sunansa ba saboda tsaronsa, amma Allah Ya san shi.

Allah Ya saka muku da mafificin alheri. Allah Ya sa ku tarar da shi a mizani ranar da dukiya da 'ya'ya ba su da amfani. Allah kada Ya nuna wa ɗayanku irin wannan dare, kada Ya sa ku ji kukan naku ta waya. Allah Ya jiƙan iyayenku, Ya jiƙan Baba, Ya jiƙan bawan Allahn nan da muke amsa sunan aikinsa ba mu ko san kabarinsa ba. Yaya ya baro mutane a can, har da dattijo mai ciwon suga da mace mai goyo. Ya Allah Ka kuɓutar da su, Ka huwace wa danginsu, Ka kawo mana ƙarshen wannan masifa a Kaduna da Arewa baki ɗaya.

'Yan'uwanmu na Abuja, mun ga saƙonninku na waya, mun gode. Na san hidima ta yi yawa, ko da yake jirgin ƙasa bai daina zuwa Rigasa ba, kuma zumunta an ce a ƙafa take. Wanda ya kira karon farko a kwana na goma don ya ce Gwaggo ta zubar mana da mutunci a gaban surukai, na ji, ban dai samu sukunin amsawa ba a lokacin. Har yanzu tana nan Tudun Wada sai Asabar za ta koma, mai magana ya zo ya same ta.

Da na gaya mata zan rubuta saƙon godiya, cewa ta yi in kula da bakina, a gidan Shamaki godiya daban, goɗiya daban.

Masu son zuwa duba Yaya, don Allah a bari sai bayan la'asar, da safe ake gasa masa ƙafa kuma sai lokacin yake samun barci. Kada a tambaye shi labarin daji. Hoton dokin kuma duk wanda ke da shi a Facebook ya taimaka ya cire.