Zobe biyu ko uku: yadda filogi ya cinye mini hirar minti 47

Jiya wajen ƙarfe 11 na dare na ji muryata ta fito tar daga makirufon kwala, ba daga jikin waya ba. Sau uku na sake ɗauka don in tabbatar ba kunnena ke ruɗina ba. Alhamdulillahi. Mako uku cur ina fama da abin nan, har na fara shawarar in sayar da kayan in huta, shi ya sa na zauna in rubuta muku tun abin yana da ɗumi a kaina.

Waɗanda muke koyon ɗaukar sauti tare kun san aikin da na ɗora wa kaina, wato naɗar muryoyin dattawanmu da suka daɗe a Legas, 'yan gwari na Mile 12 da tsofaffin 'yan goro na Agege, waɗanda wasunsu iyayensu ne suka biyo layin dogo bayan ya haɗa Legas da Kano a 1912. Mutanen nan ƙarewa suke yi ɗaya bayan ɗaya, kuma abin da ke bakinsu ba ya cikin kowane littafi.

Wani Baba mai albasa ne na fara samu. Sai da na yi sawu huɗu kafin ya yarda. Ranar da ya yarda na maƙala masa makirufon a wuyan riga, na soka filogin a waya, na ga layin sauti yana hawa yana sauka, hankalina ya kwanta. Minti 47 yana magana. Ya ba ni labarin zuwansa Ikko a bayan motar kaya yana ɗan samari, da yadda ake cinikin buhu da ishara saboda babu mai jin yaren wani. Har ya tsaya a wani wuri ya share ido da hannun riga. Da na dawo gida na sa iyafis, abin da na ji shi ne ihun 'yan dako, da hon ɗin danfo, da tarina ni da ke riƙe da wayar. Muryar Baba tana can nesa kamar daga ƙasan rijiya. Daren nan ban iya cin abinci ba.

Ashe wayar ba ta taɓa ganin makirufon ba. Da nata na ciki ta ɗauki komai.

Ga inda na makance, kuma ina roƙon ku kar wani ya maimaita. Ku ɗauki filogin ku ƙirga baƙaƙen zoben da ke jikinsa. Nawa biyu ne, wato ƙarfen ya kasu uku: kai, tsakiya, gindi. Shi ake kira TRS, kuma don kyamara aka yi shi. Ramin waya kuwa ƙafa huɗu yake jira, TRRS, mai zobe uku: kunnen hagu a kai, kunnen dama a biye, sai layin ƙasa, wato hanyar da wuta ke komawa, sai makirufo a can gindi. Idan ka soka mai zobe biyu a ramin mai ƙafa huɗu, dogon gindin nan yana taɓa layin ƙasa da layin makirufo a lokaci guda, ya haɗe su. Wayar sai ta ɗauka iyafis ne marar makirufo aka sa mata, ta koma kan na jikinta ba tare da ta ce maka komai ba. Muryar da makirufonka zai aika kuwa tana kan ƙafar da wayar ke fitar da sauti, ba ƙafar da take karɓa ba. Ga kuma ɗan wutar nan, kamar bolt 2 zuwa 3, da irin wannan makirufon ke buƙata kafin ya yi aiki. Ita ma ta gindi wayar ke bayarwa, ba ta isa gare shi ba.

Akwai alamar da ta nuna mini tun a kasuwa, ban karanta ta ba. Da na danna in saurari gwajin farko filogin yana ciki, shiru na ji, sai da na zare shi lasifika ta yi magana. Na ɗauka haka abin yake. Waya ce ke gaya mini ta ɗauke shi a matsayin iyafis.

Da na gane wannan na ce to abu mai sauƙi, igiya mai baki biyu zan saya, ɗaya na makirufo ɗaya na kunne, dama ina son in riƙa sauraro. Na saya a hannun wani mai tebur a bakin titi, Naira 2,500. Ya rantse mini ita ce. Na zo gida na haɗa, babu abin da ya sauya. Na duba kanta, zobe biyu. Irin wadda mutum biyu ke sauraron waƙa ɗaya da ita ce, duka bakunan fita ne, babu na shiga. Kamanninsu ɗaya da wadda nake nema, sai ka ƙura ido. Ta gaskiyar kanta zobe uku ne, kuma bakunan suna da alama: hoton makirufo da hoton abin kunne, ko launin hoda da kore irin na bayan kwamfutar tebur. Akwai ma ta uku da ke ruɗa mutane, mai kai biyu da rami ɗaya, wadda ake sa wa kwamfuta mai ramuka biyu. Ita ma ba ta da amfani ga waya.

Igiya ta biyu da na saya kuwa, na shiga Computer Village, kasuwar kayan waya da kwamfuta a Ikeja, na nema da idona, na ƙirga zobe uku, na ga hoda da kore, na biya Naira 4,000. A cikin mota ma murna nake. A nan ne kuma abin ya fi cin raina, domin a takarda komai daidai ne, amma sauti ya ƙi.

Ga abin da ke faruwa. Idan na sa karatu ko waƙa, sautin sai ya zo siriri, kamar daga cikin gwangwani. Kiɗa yana nan sama-sama, muryar mai magana kuwa ta kusa ɓacewa. Makirufon kuma wani lokaci shiru, wani lokaci ya kawo wata 'yar murya da ƙara ta danne. Na sauya iyafis uku. Na goge ramin wayar da tsinke da auduga. Na cire rigar wayar, don wata rigar tana hana filogi shiga har ƙarshe, kuma wannan ma ku riƙa dubawa. Na sauke manhajojin ɗaukar murya har huɗu. Na shiga manhajar kyamara ta Open Camera na zaɓi makirufon waje a saitin bidiyo. Na ari wayar ƙanena, abin mamaki a tasa igiyar ta yi aiki lafiya lau. Wannan ya ƙara rikita ni, na yanke hukuncin ramin wayata ne ya lalace, har na fara tambayar kuɗin sauya shi.

Wanda ya cece ni wani yaro ne ɗan wajenmu da ke gyaran waya a wani lungu cikin kasuwar, teburinsa bai fi faɗin tabarmar salla ba. Na miƙa masa wayar na ce ramin zai sauya. Ya sa iyafis ɗinsa kai tsaye, ya yi kira, aka ji shi sarai. Ya ce, "Yaya, wayarka lafiyarta ƙalau. Kawo igiyar."

Ya ɗauko mitarsa ta gwajin wuta ya juya ta zuwa wajen da take ƙara idan wuta ta iya bi daga tsinkenta ɗaya zuwa ɗayan. Ya soka wani tsiraran filogi a koren bakin, ya ɗora tsinke ɗaya a gindinsa, ɗayan kuma ya riƙa bi da shi a kan igiyar tawa, ƙafa bayan ƙafa. Ta farko shiru, ta biyu shiru, ta uku shiru. Da ya kai ta huɗu mita ta yi tsuwa. Ya ɗago kai ya ce, "Ka ji ta ko? A ta uku ya kamata ta yi kuka. An juya mata ƙafa."

Sai ya warware mini. Filogi mai zobe uku tsari biyu gare shi, kuma ido ba ya bambanta su. A tsarin CTIA, wanda Apple da galibin wayoyin Android na yanzu ke bi, layin ƙasa ne na uku, makirufo na huɗu. A tsarin OMTP, na tsofaffin Nokia da Sony Ericsson, an musanya biyun nan: makirufo na uku, layin ƙasa na huɗu. Igiyata ta tsohon tsari ce, wayata ta sabo. Saboda haka abin kunnen ya rasa hanyar komawa ta gaskiya, abin da nake ji bambancin hagu da dama ne kawai. Murya kuwa a tsakiya ake ajiye ta, daidai take a kunnuwa biyu, shi ya sa ita ce ke gogewa ta bar kiɗa. Wayar ƙanena tana cikin waɗanda ke gane tsarin biyu su daidaita da kansu. Tawa ba ta yi.

Bai ce in sayi wata ba. Ya yanke kan igiyar, ya feƙe wayoyin da reza, sirara kamar gashi, kowace da fentinta, ya ƙona fentin da ɗan ƙarfensa mai zafi, ya narka dalma ya liƙa su a sabon filogi, yana riƙe da ɗaya da haƙori saboda hannu biyu ba su isa ba. Naira 1,500 ya karɓa, har da kuɗin filogin. Na ce ya ƙara, ya ce, "Haba Yaya, ai aikin dattawa kake yi." Idan na haɗa igiya biyu da gyara da kuɗin mota sawu uku, na kashe sama da Naira 12,000 a kan abin da mita ta warware cikin minti biyu. Kuɗin ya yi mini ciwo, amma ba kamar hirar ba.

Yanzu ga gwajin da ba zan sake fara ɗauka ba sai na yi shi, kuma ina ganin ya fi duk wani kallon layin sauti. Ka danna ɗauka, ka kankare kan makirufon da farce a hankali sau uku, sannan ka ƙwanƙwasa bayan wayar sau uku. Ka saurara. Idan kankarar ce ta cika kunne, makirufon waje ke aiki. Idan ƙwanƙwasar ce, tsaya, kar ka ɓata wa mai hira lokaci. Layin sauti yana motsi ko da wane makirufo ne, shi ya yaudare ni a Mile 12.

Da na koma kan kwamfutar cinya da igiyar da aka gyara, sai wata ta taso, amma wannan ba ta daɗe ba. Wani ruri mai kauri a ƙarƙashin murya, ba ya tsayawa. An ɗauke wuta, janareton gidan ke aiki, caja tana jiki. Na zare caja, rurin ya mutu nan take. Na mayar, ya dawo. Wutarmu a nan tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kuma da na duba a Audacity, manhajar gyaran sauti, ga tudu a kan 50, ga ƙanana a 100 da 150. Soket ɗin ɗakina ba shi da layin ƙasa. Na gwada yanke duk abin da ke ƙasa da 80, babban ya tafi amma ƙananan suka zauna. Na gwada abin rage ƙara da ƙarfi, murya ta koma kamar mai magana a cikin ruwa, ban so ba sam. Gara in cika batir in ɗauka babu caja. Ga masu jona waya a caja suna ɗauka, abin ɗaya ne.

Wani a cikinmu ya taɓa ba ni shawarar in huta da igiyoyi in yi amfani da iyafis na Bluetooth. Na gwada, ban yarda da shi ba don hira. Da zarar manhaja ta buɗe makirufonsa sai ya sauka zuwa tsarin kiran waya, sauti ya ƙuntata ya zama na kunne ɗaya da aka raba biyu, ga jinkiri. Don sauraron abin da ka riga ka ɗauka ba laifi. Haka masu waya marar rami, da ke sa ɗan adaftan USB-C: wasu adaftocin suna da na'urar sauya sauti a cikinsu, wasu igiya ce zalla, kuma ba kowace waya ke karɓar na biyun ba. Ku gwada a gaban mai shago da makirufonku kafin ku biya.

Abin da ya rage mini shi ne sauraro kai tsaye. Ina son in ji abin da ke shiga a daidai lokacin da Baba ke magana, don in san ko riga tana gogar makirufo. A kwamfuta na kunna sauraron abin da ke shiga, ta Windows da ta Audacity duka, muryata tana dawo mini a makare, ɗan kaɗan ne amma ya isa ya harɗe harshe, sai ka ji kana in'ina. A waya kuwa manhajar kyamara ba ta ba ni komai a kunne sai na gama. Na san maganin shi ne ƙaramin akwatin sauti na USB ko rakoda mai ramin kunne da ke juyo da sautin kafin ya shiga manhaja, amma kuɗinsa ba na wannan watan ba ne. In akwai wanda ya samu manhajar Android da ke yin wannan ba tare da jinkirin da zai dame shi ba, don Allah ya faɗa mini sunanta da irin wayarsa.

Na koma wajen Baba shekaranjiya, tun kafin in tabbatar da gyaran, na faɗa masa gaskiya cewa muryarsa ba ta fito ba. Ya yi shiru yana ɓare bawon albasa da babban yatsa, sannan ya ce, "Yaro, ka dawo Asabar bayan la'asar, lokacin kasuwa ta lafa. Akwai ma abin da na manta ban gaya maka ba." Na sayi soson da ake sa wa kan makirufo saboda iska, na caja komai, igiyar kuma na naɗa mata jan salatif don kar ta haɗu da sauran biyun a jaka.