Kafin Alƙalami: Sana'ar Rubutu daga Ɗaki Guda a Gadarif

Matan unguwarmu da dama sun san cewa da rubutu a waya nake samun abin cefane, kuma kusan duk wadda ta zo neman bayani takan fara da tambayar a wane shafi ake yin rajista. Nakan amsa gwargwadon sanina, amma rajista ita ce mafi ƙanƙantar magana a wannan sana'a ga Bahaushen da yake zaune a Sudan. Abubuwan da suka sha mini kai guda biyu ne, wato irin Hausar da zan rubuta har mai karatu a Kano ko Maraɗi ya gane ta, da kuma hanyar da kuɗin aikina zai bi ya iso hannuna.

Malamar Larabci ce ni a wata makarantar firamare a Wad Madani, inda aka haife ni. Kakanninmu suna cikin waɗanda suka taso daga ƙasar Hausa da niyyar hajji a ƙafa, suka yada zango a bakin kogi, suka shiga aikin auduga a gonakin Jazira da aka buɗe a 1925 bayan kammala madatsar ruwan Sinnar, zaman ya zarce har jikoki. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023 ya fara cika mana gari da mutanen Khartum, kafin ya iso mu ma a Disambar wannan shekarar. Muka fito da abin da hannu zai iya ɗauka muka nufi Gadarif, inda Kawu ya ba mu ɗaki guda, ni da maigidana da yara uku da Inna. Albashi ya tsaya, maigida kuwa ya sami ɗan aikin lissafin buhuna a kasuwar amfanin gona, aikin da yake tashi da kakar riɗi da dawa ya kuma kwanta da ita.

Yayana da yake Jidda ne ya buɗe mini ƙofar. Ya kira ni wata rana bayan isha'i ya ce, "Ƙanwata, akwai masu jigilar 'yan umara da suke neman wanda zai karanta bayanai da Larabci ya rubuta su da Hausa saboda mutanen Najeriya da Nijar. Na ce musu ina da malama a gida." Na ce masa, "Yaya, Hausar da nake yi ta baki ce, ban taɓa rubuta ta da boko ba." Ya ce in gwada tukuna. Aikin farko da aka ba ni shi ne bayani a kan jirgin ƙasa mai sauri na Haramaini, wanda aka buɗe a 2018, yake haɗa Makka da Madina a tazarar kilomita kusan 450, yana bi ta Jidda. An buƙaci in bayyana yadda ake sayen tikiti, da tashoshin da yake tsayawa, da abin da ya kamata mai kaya da yawa ya sani. Na kwana biyu a kansa, na tura ina ganin na yi bajinta.

Rubutun ya dawo mini daga hannun wani edita a Kano, kuma da ƙyar aka sami layin da bai taɓa ba. Har yanzu ina ajiye da shi, domin babu malamin da ya koya mini abin da wannan takarda ta koya mini. Na rubuta "jawaz" inda ya kamata in ce fasfo, na rubuta "mustashfa" a maimakon asibiti, na ce "arabiyya" ina nufin mota, kuma a wajena duk Hausa ce tsantsa, domin da su na ji Inna tana magana tun ina goye. Editan ya rubuta a gefe cewa dattijuwar da ta taso daga Ɗanbatta za ta karanta "arabiyya" ta ɗauka harshen Larabci ake nufi. Sannan ga haruffa masu ƙugiya da ban san muhimmancinsu ba. Na rubuta cewa a tashar akwai masu taimaka wa "baki", alhali baƙi nake nufi. Na rubuta "kafa" ina nufin ƙafa. Har sunan jirgin kansa na mayar da shi jirgin "kasa". Na haɗe kalmomin da ake rabawa, na rubuta "yace" da "zata" a inda ƙa'ida take son "ya ce" da "za ta". A ƙarshen takardar ya ƙara jimla guda, cewa bayanan da na kawo daidai suke, kuma wannan shi ne abin da ya fi wuyar samu, saboda haka in gyara sauran.

Ba na ɗaukar Hausarmu ta Sudan a matsayin gurɓatacciya, kuma ba na son 'ya'yana su ji kunyarta. Harshe ne da ya yi fiye da shekara ɗari yana maƙwabtaka da Larabci, dole ya ari kayan maƙwabci. Sai dai mai rubutu don kuɗi yana rubuta wa wanda zai karanta ne, kuma masu karatuna suna can yamma. Na sayi littafin rubutu mai layi na raba kowane shafi gida biyu, dama kalmar da muke faɗa a nan, hagu wadda jaridun Hausa suke amfani da ita. Kullum nakan karanta labari biyu ko uku a shafin BBC Hausa ko na Aminiya, ina lura da yadda suke raba kalmomi da inda suke sa waƙafi. Idan na yi shakkar ƙugiya nakan duba ƙamusun Bargery na 1934, wanda aka ɗora a intanet, ko da yake wasu kalmominsa sun tsufa. Na kuma ƙara Hausa a madannan Gboard na wayata, inda ake samun ɓ da ɗ da ƙ ba tare da wahala ba. Wata uku na yi a haka kafin rubutuna ya fara dawowa da gyara kaɗan.

A cikin wannan wahala ne na gane jarin da nake da shi. Masu rubuta Hausa mai kyau suna da yawa a Najeriya, masu rubuta Larabci kuwa ba su ƙirguwa daga Masar zuwa Maroko, amma wanda zai buɗe sanarwar hukumar Saudiyya da Larabcinta na ofis, ya fahimce ta sarai, ya mayar da ita Hausar da manomi zai gane, ba shi da yawa. Mu Hausawan Sudan da na Makka da Jidda mun tashi da wannan baiwa ba tare da mun ɗauke ta a bakin komai ba. Tun da manhajojin da suke haɗa rubutu da kansu suka bazu daga ƙarshen 2022, farashin rubutun gama-gari ya faɗi, domin mai shago yana iya samun sakin layi goma a kan turare ko dabino cikin minti guda. Abin da ake biya har yanzu shi ne tabbaci. Idan na rubuta yadda ake neman izinin shiga Rauda ta manhajar Nusuk, sai na koma asalin sanarwar na duba, na kuma tambayi wanda ya yi abin kwanan nan, saboda dokokin suna canzawa daga kaka zuwa kaka, kuma kuskure guda yana iya hana tsohuwar da ta shekara goma tana tara kuɗi abin da ta zo dominsa.

Maganar kuɗi ita ce ta fi ɗaure kai. Akwai shafukan Larabci na masu aikin kansu, irin su Mostaql da Khamsat, inda a Khamsat ƙaramin aiki yake farawa daga dala 5, shafin ya ɗauki kashi 20 cikin ɗari, marubuci ya tashi da dala 4. Na duba su da kyau, na ga cewa fitar da kuɗi a irin waɗannan wurare yakan bi ta PayPal, kamfanin biyan kuɗi ta intanet, wanda ba ya buɗe asusu ga mazauna Sudan. Tushen abin tsoho ne: Amurka ta ƙaƙaba wa ƙasar takunkumin tattalin arziki a 1997, ta ɗage shi a Oktobar 2017, ta cire sunan Sudan daga jerin ƙasashe masu taimakon ta'addanci a Disambar 2020, amma bankuna da kamfanonin biyan kuɗi na duniya ba su yi gaggawar dawowa ba, yaƙi kuma ya zo ya ƙara nesanta su. Saboda haka na haƙura da shafukan, nake hulɗa da masu ba da aiki kai tsaye ta WhatsApp da imel. Suna biya da riyal a hannun Yaya, shi kuma ya san yadda yake yi kuɗin ya shigo mini ta Bankak, manhajar Bankin Khartum da yanzu har mai sayar da tumatir yake karɓa da ita.

Darasin da na koya da tsada shi ne kada in yi ciniki da fam ɗin Sudan. A Fabrairun 2021 gwamnati ta mayar da canjin hukuma daga fam 55 zuwa 375 a kan dala guda, kuma a cikin 2024 dala ta haura fam 2,000 a kasuwar bayan fage. Wanda ya yanke farashi da fam a farkon wata, aka biya shi a ƙarshensa, ya yi wa wani aikin kwanaki kyauta. Riyal kuwa a ɗaure yake da dala a kan 3.75 tun 1986, shi ya sa nake yanke farashi da shi, nake kuma roƙon Yaya ya riƙe mini wani kaso a can, ya turo abin da za mu ci kawai.

Sai kafin alƙalami. Malaman zaure sun daɗe da sanin cewa ba a tsoma alƙalami a tawada sai an ajiye wani abu, ni kuwa sai da wani ya karɓi rubutu shida daga hannuna ya daina amsa saƙo na koma ga hikimarsu. Yanzu rabin kuɗi ne kafin in fara, rabi bayan na miƙa, kuma nakan rubuta yawan kalmomi da ranar miƙawa da adadin gyaran da zan yi a saƙo guda, in nemi ya amsa da "na yarda". Sharaɗin yana ɗaure ni kamar yadda yake ɗaure shi, domin kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Na ji nauyin wannan a farkon Fabrairun 2024, lokacin da layukan sadarwa suka ɗauke a kusan duk ƙasar, ga aiki a hannuna na gama ba ni da hanyar turawa, ba ni ma da hanyar ba da uzuri. Da layi ya dawo na tarar mai aikin ya ba wani, kuma ban ga laifinsa ba, na sa Yaya ya mayar masa da abin da ya biya. Tun daga ranar nakan gaya wa duk sabon mai ba ni aiki cewa a Sudan nake, in ba shi lambar da zai nema a Jidda idan ya ji ni shiru, in kuma sa wa kaina wa'adin da ya riga nasa da kwana biyu.

Wutar lantarki, wadda muke kira kahraba, ba ta da tabbas, shi ya sa kuɗin farko da na tara na sayi ƙaramin farantin sola da batir. Ba ni da kwamfuta. Da waya nake rubutu, da ɗan allon madannai mara igiya da nake ɗorawa a kan faifai bisa cinyata. Lokacina shi ne daga sallar asuba zuwa tashin yara, sa'ad da gari yake da sanyi, Inna tana gefe tana soya 'ya'yan gahawa a kasko, ƙamshin citta yana tashi daga jabana, butar dafa gahawa. Nakan rubuta ba tare da buɗe data ba, sai na gama na karanta a bayyane, domin kunne yana kama Larabcin da ya ɓuya a ƙarƙashin jimlar Hausa fiye da ido. Wata safiya Inna ta tsayar da ni a tsakiyar karatu ta ce, "'Yar nan, wannan maganar ba haka Bahaushe yake faɗinta ba." Na duba na ga gaskiyarta, na bi tsarin jimlar sanarwar ne kalma bayan kalma.

Akwai ayyukan da ba na karɓa ko da ina cikin matsi. Ba na biyan kuɗin rajista ga wanda ya ce zai ba ni aiki, domin mai neman ma'aikaci ba ya karɓar kuɗi a hannunsa. Ba na yin gwajin kyauta da ya wuce sakin layi biyu. Ba na rubuta wa ɗalibi binciken da zai miƙa da sunansa, kasancewar na tsaya a gaban aji na san abin da hakan yake yi wa yaro. Kuma ba na kwafe rubutun wani in sauya masa riga.

Kuɗin da ake samu ba mai yawa ba ne, kuma yana da kaka kamar riɗi: aiki yakan yi yawa gab da Ramadan da lokacin shirin hajji, ya ja baya bayan alhazai sun koma gida, lokacin da nake cike gurbi da rubutun Larabci ga ƙananan shaguna. Ya dai isa ya riƙe gawayi da garin kisra, gurasarmu ta Sudan, da maganin hawan jinin Inna. Tun da sojoji suka karɓe Wad Madani a Janairun 2025 maigida yake maganar komawa, ni kuma abin da na fara tambayar waɗanda suka riga mu shi ne ƙarfin layi a unguwarmu. Kafin mu tashi ina so in gama da 'yar Kawu, wadda ta kammala sakandare take zaune a gida. Larabcinta ya fi nawa kyau, na ba ta littafina mai gida biyu ta kwafa, kuma a wannan makon muna kan bambancin ɗ da d.