Talata, ranar asibitin Baba

Da safe komai lafiya lau. Mun samu keke da wuri, layi bai yi tsawo ba, gwajin INR, wanda ke auna yadda warfarin, maganin tsinka jinin da Baba yake sha, yake aiki, ya fito 2.4, kuma dama tsakanin 2 da 3 ake so. Har na fara murna.

Sai Baba ya gyara zaman hularsa, ya fito da maganar da ya kwana da ita. "Likita, ni fa na gaji da ƙwayoyin nan. An ce akwai aikin da ake yi. A yi mini in huta."

Likitan ya juya bayan katin ya zana zuciya da biro. Ya ce ɗakunan sama na zuciyar Baba karkarwa suke yi, shi ya sa bugun ke zuwa a hargitse. Aiki kam akwai. Ana zura siririyar waya ta jijiyar matsematsi har cikin zuciya, a ƙona ko a daskarar da bakin jijiyoyin da ke kawo jini daga huhu, don daga nan rikicin yakan taso. Wasu sai an sake musu. Akwai kuma wanda ake sa mutum barci a ba zuciyar wutar lantarki ta koma daidai, amma takan sake kaucewa. Babbar tiyatar kuwa, Maze, galibi sai in dama za a buɗe ƙirji don wani gyaran. Ciwon Baba ya daɗe, ɗakin ya riga ya faɗaɗa, don haka nasarar ba ta kai ta mai sabon ciwo ba.

"To in an yi, zan bar warfarin?"

"A'a, Alhaji. Da shekarunka da hawan jininka, wannan yana nan."

Abin da ya tsaya mini a rai ke nan har yanzu. Bisoprolol Baba yana ganin amfaninsa, don yana sha faɗuwar gaban take lafawa. Warfarin kuwa ba ya jin komai, sai kwanciyar jini a hannu in ya bugu da ƙofa, da zaryar gwaji. Alhali shi ne yake hana jini dunƙulewa a cikin zuciya ya haura ƙwaƙwalwa. Mai wannan ciwo haɗarin shanyewar ɓarin jiki ya ninka masa kusan sau 5. Na ga yadda Kawu ya ƙare, ba na son in sake gani. Kuma na san Baba, ba zai yi musu da likita ba, shiru kawai zai yi ya daina sha.

Inna ta tambayi zogale. Ba a hana ba, kada dai a cika yau a daina gobe.



Na kira Yaya kan apixaban, wani maganin da ke yin aikin warfarin, tunda shi ba ya buƙatar wannan gwajin. Da na faɗa masa kuɗin wata ɗaya sai ya yi salati, ya ce mu yi magana ranar Juma'a in albashi ya shigo. Kafin nan na karɓi kwalin maganin daga ɗakin Baba, ni zan riƙa miƙa masa bayan isha'i.